Babba mai jinkirin fahimta: wa ke yanke hukunci, shi ko mu?

Yaya Rabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda nasu suka riga suka girma. Ƙanena yana da larurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita kuma take kawo jinkirin fahimta, shekararsa 29, yana aikin shirya kaya a wani ɗakin ajiya kuma ana biyansa albashi. Abu biyu ya kafe a kai yanzu: a ba shi katin bankinsa ya riƙe da kansa, kuma a daina raka shi wurin aiki. Mahaifiyarmu ta ƙi ƙememe, ta ce duniya ta lalace, za a cuce shi. Shi kuma ya daina yi mana magana sosai, da ya dawo sai ya shige ɗaki. Ni zuciyata ta rabu biyu. Kuɗin nan guminsa ne, amma tsoron Mama ba na banza ba ne. Yaya kuka yi da naku?

Baban Aisha:
Wa alaikumus salam. Yaya Rabi, ki bi mahaifiyarku. 'Yata tana da galahanga tare da jinkirin fahimta, ta haura 30. Wata da ta yi ta zuwa gidanmu da sunan ƙawa ta riƙa karɓar kuɗinta tana cewa aro ne, sai da asusun ya kusa ƙarewa muka farga. Har yau Aisha tambaya take me ya sa ƙawarta ta daina zuwa. Masu kiran a ba su 'yanci ba su ne ke kwana da su ba idan abu ya faru.

Malama Zainab:
Baban Aisha, Allah ya saka mata, abin da ciwo. Abin da aka yi wa Aisha sananne ne a wurin duk mai aiki da masu irin wannan larura: mai cutar da su ba baƙo ba ne, yawanci wanda ya zo da fuskar aboki ne, don ya san kaɗaici ya yi musu yawa. Amma ina so ka duba ta wata fuskar. Na daɗe ina koyar da matasa masu jinkirin fahimta, kuma wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne mai biyayya fiye da kima. Tun yana ƙarami ake ce masa zauna, tashi, sa wannan, cire wancan, ya ce to, a yabe shi a ce yaron kirki. Ranar da mugu ya ce masa kawo katinka, ko biyo ni, me zai ce? To zai ce, don ita kaɗai aka koya masa. Wanda bai taɓa cewa a'a a gida an saurare shi ba, ba zai iya faɗa wa baƙo ba. Don haka ni wannan kafewar da ƙanen Yaya Rabi yake yi ban ɗauke ta taurin kai ba. Alama ce mai kyau. Ya san abin da yake so kuma ya buɗe baki ya faɗa.

Baban Aisha:
Malama, na ji. Amma iya cewa a'a daban, iya lissafin kuɗi daban.

Malama Zainab:
Ƙwarai kuwa, kuma kowanne koyarsa ake yi. Shi ya sa ban ce a miƙa masa komai gobe da safe ba.

Barista Umar:
Bari in shigo ta ɓangaren doka, don wannan gardamar an yi ta a kotuna da majalisu. A da, kuma har yanzu a ƙasashe da yawa, tsarin shi ne kotu ta ayyana mutum a matsayin wanda ba ya iya yi wa kansa hukunci, ta naɗa masa waliyyi, shi ke nan sa hannunsa ya tashi aiki: ba ya ƙulla yarjejeniya, ba ya zaɓar inda zai zauna, a wasu wuraren ko ƙuri'a ba ya jefawa. A watan Disamba na 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, ta fara aiki a 2008. Sashe na 12 ya ce suna da cikakken matsayi a gaban doka kamar kowa, kuma wajibi ne a ba su taimakon da suke buƙata don su yi amfani da wannan matsayin. Sashe na 19 ya ce suna da haƙƙin zaɓar inda za su zauna da wanda za su zauna da shi.

Bambancin a nan yake: a yanke maka hukunci, ko a taimaka maka ka yanke. Peru ta gyara dokarta a kan haka a 2018, Kolombiya a 2019, Sifaniya a 2021. A Amurka jihar Texas ce ta fara sa takardar taimakon yanke shawara cikin doka a 2015: mutum ya rubuta cewa wane zai taimake ni a harkar kuɗi, wance a harkar asibiti, su nemo min bayani su fahimtar da ni, amma sa hannu nawa ne.

Ingila ba ta je can ba, tana barin a yanke wa mutum idan an tabbatar ba zai iya ba, amma dokarta ta 2005 tana da ƙa'idojin da ko a cikin gida za su yi amfani. Ana ɗaukar mutum a matsayin mai iyawa har sai an tabbatar da akasin haka. Ba a cewa ya kasa sai an gwada duk hanyar taimaka masa. Kuma don ya zaɓi abin da ba dabara ba, wannan bai sa ya zama marar iyawa ba. Abin da ake dubawa huɗu ne: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya isar da zaɓinsa ko ta wace hanya ce. Sannan hukunci ɗaya-ɗaya ake dubawa. Mutum zai iya kasa gane takardar bashin banki amma ya san sarai rigar da yake so ya saya da albashinsa.

Hajiya Binta:
Barista, wannan ta ukun ta ba ni dariya. In don mutum ya kashe kuɗi a shirme za a ƙwace masa kati, da rabin masu lafiyar ma ba su da kati.

Sadiya:
Ina wuni iyaye da yayye. Ni ina da jinkirin fahimta. Da baki nake faɗa waya tana rubutawa, ku yi haƙuri in akwai kuskure. Shekarata 33. Ina so in yi magana don kowa yana ta faɗar su, su, su. To ga ɗaya daga cikin su ɗin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne asibiti. Ina zaune, ciwon a jikina yake, likita ya juya ya tambayi yayata, me ke damunta? Yayata ba ta san inda ke min ciwo ba. Yanzu kafin mu je muna zama mu rubuta tambayoyina guda uku a takarda. Da mun shiga ni nake fara magana. Ina cewa, ni ce marar lafiyar, ka yi min bayani a hankali, in ban gane ba zan ce ka sake. Yayata tana zama a baya kaɗan. In likita ya kalle ta sai ta kalle ni, sai shi ma ya kalle ni.

Kati kuma yana hannuna. Na taɓa kashe kuɗin wata guda da wuri a kan abin banza. Ba wanda ya ƙara min. Na ji jiki har ƙarshen wata. Yanzu ina raba su kashi-kashi.

Baban Aisha, ni ma an taɓa cuta ta. Amma wanda ya cuce ni yana yawonsa, ni kuma aka so a kulle ni a gida. Wa ya yi laifin?

Yaya Rabi:
Sadiya, Allah ya yi miki albarka. Zan karanta wa Mama wannan da bakina.

Baban Aisha:
'Yata Sadiya, tambayarki ta tsaya min a rai. Amma ki sani ba kowa ne kamar ki ba. Ke ga shi kina tsara magana tiryan-tiryan. Aisha kalmominta ba su da yawa, in ka tambaye ta kina so, ta ce e, in ka ce ba kya so, ta ce e. Ta yaya zan ce ita ta zaɓa?

Anti Maryam:
Baban Aisha, wannan fannina ne, aikina koyar da magana da sadarwa. Abin da ka bayyana masu bincike sun daɗe da lura da shi: mai jinkirin fahimta yakan amsa e ga tambayar e ko a'a idan bai gane ba ko yana son faranta wa mai tambaya, in kuma ka jera masa abu biyu da baki yakan maimaita na ƙarshe. Wannan ba ya nufin ba ta da ra'ayi. Tambayar ce ba ta dace da ita ba. Ka ajiye abu biyu a gabanta ta gani ta taɓa, ko hotunansu. Gobe ka sauya musu wuri, na dama ya koma hagu, ka ga ko abu ɗaya take bi ko hannu ɗaya. Ka jira bayan tambaya, ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka sake magana, don mu masu lafiya gaggawa ce da mu, muna cike shirun kafin amsar ta iso. Akwai allon hotuna, akwai manhajar waya da ke furta abin da aka taɓa, akwai alamun hannu. Kuma duk wanda ya ture abu, ko ya juya baya, ko ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, ya yi magana.

Wani abu kuma da iyaye ke mantawa: in ta zaɓa, a ba ta abin da ta zaɓa. Idan ta nuna shuɗiyar riga ka ce a'a ja ta fi kyau, ta koyi cewa nunawar ba ta da amfani, za ta daina. Da yawa daga waɗanda ake cewa ba su da ra'ayi, sun gwada ne sun gaji.

Malam Isa:
In ƙara wani abu ga masu ganin wannan sabon tunani ne da ya zo daga waje. A Suratun Nisa'i, aya ta 5 ta hana miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, wannan hujjar mahaifiyar Yaya Rabi ce. Amma aya ta 6 da ke biye ta ce a jarraba marayu, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Malaman tafsiri sun bayyana jarrabawar da cewa a ba shi wani abu kaɗan ya juya a gani. Ayar a kan marayu take, ba na cewa hukuncinsu ɗaya da wanda muke magana a kai. Darasin da na ɗauka shi ne, ba a yanke cewa mutum ba zai iya ba alhali ba a taɓa gwada shi ba, kuma dukiyar tasa ce ko tana hannun wa.

Malama Zainab:
Tunda Malam ya kawo asali, ni ma in kawo kaɗan. A shekarun 1960 wani ɗan ƙasar Suwidin, Bengt Nirje, da ke aiki da ƙungiyar iyayen masu jinkirin fahimta, ya fara haɗa masu larurar cikin ƙungiyoyin da su da kansu suke tsara fita da taro. Shi ne ya rubuta a 1969 cewa ya kamata rayuwarsu ta yau da kullum ta yi kusa da ta kowa gwargwadon iko: tashi da safe, zuwa aiki a wani wuri daban da inda ake kwana, hutu, zaɓi. Wani Ba'amurke, Robert Perske, ya je can ya gani, ya dawo ya rubuta a 1972 cewa akwai mutunci a cikin a bar mutum ya fuskanci kasada daidai gwargwado, kuma kariyar da ta wuce kima tana danne mutum. A 1974 a jihar Oregon masu larurar da kansu suka kira babban taro, daga nan ƙungiyar People First ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A lokacin nan dubbansu suna kulle a manyan gidajen gwamnati. Ɗaya daga cikin gidajen, Willowbrook a New York, wanda aka fallasa ƙazanta da wulaƙancinsa a talabijin a 1972, sai a 1987 aka rufe shi. Kuma duk an gina irin waɗannan gidajen ne da sunan kariya.

Robert Martin na ƙasar New Zealand a irin waɗannan gidajen ya yi ƙuruciyarsa. A 2016 aka zaɓe shi cikin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke bibiyar yarjejeniyar da Barista ya ambata, shi ne mai jinkirin fahimta na farko da ya zauna a wannan kujera.

Baban Aisha:
Gidana ba Willowbrook ba ne, Malama.

Malama Zainab:
Subhanallah, ban nufi haka ba, ka yi haƙuri in ta zo maka a haka. Ƙauna ce ta sa kake tsare ta, kowa ya gani. Abin da nake nufi shi ne kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ta zama ma'auni ba, sai an tambayi wanda ake tsarewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaya Rabi, ga yadda muke koyar da zuwa aiki. Hanya ɗaya tak, wadda ya saba, a lokaci ɗaya kullum. Da farko ku tafi tare amma shi ke gaba, shi ke tsayar da mota, shi ke biya, shi ke faɗar inda zai sauka. Ke ki kama bakinki ko da kin ga zai wuce wurin saukar, in dai ba haɗari, ki bari ya wuce ki ga me zai yi. A nan ake koyon abin da ya fi muhimmanci, wato yadda ake gyara kuskure. Sai matakin da za ki zauna nesa da shi a motar kamar ba ki san shi ba. Sai ki riƙa bin sa a baya. Sai ki jira shi a can. Sai ya kira ki in ya isa. Kada a wuce mataki sai ya zauna daram, ko zai ɗauki watanni. Ya riƙe kati mai lambar waya biyu a aljihu, ya san mutanen da zai tunkara in ya ɓata, kamar ma'aikaci mai kayan sarki ko mai aiki a bayan kanta, kuma ku yi ta gwada abin da zai yi in wayarsa ta mutu ko motar ta lalace.

Barista Umar:
Kuɗi kuma a yi asusu biyu. Albashi ya shiga na farko, a riƙa tura na kashewar mako zuwa na biyu, katin na biyun ne a hannunsa. In an cuce shi, na mako guda ya tafi. A sa saƙon banki ya riƙa zuwa wayarsa, da ta wanda shi ya zaɓa ya taya shi dubawa. Ku lura na ce shi ya zaɓa. Wataƙila ba Mama zai zaɓa ba, wataƙila ba ke ba, kuma sai an haƙura. Doka ɗaya da zai haddace: ba ya ba kowa lambar sirri, ba ya ba da aro sai ya kwana ya yi shawara da wannan mutumin.

Akwai shari'ar Jenny Hatch a jihar Virginia a 2013, ita ma larurar Down gare ta, shekararta 29 kamar ƙanenki. Bayan wani haɗarin keke iyayenta suka nemi kotu ta ba su cikakken waliccinta, aka sa ta a gidan kulawa, ita kuma ta ce da abokanta take so ta zauna ta koma aikinta. Alƙali ya ba abokan waliccin na shekara guda kawai, da nufin a koma taimaka mata tana yanke shawara da kanta. Iyayenta ba maƙiyanta ba ne, tsoro ne irin na kowane mahaifi.

Hajiya Binta:
Ni abin da ke hana ni barci daban ne, kuma na san na girmi kusan kowa a nan. Lokacin da na haifi ɗana aka ce min masu larurar Down ba sa daɗewa. A Amurka ma a 1983 matsakaicin shekarunsu 25 ne, yanzu ya kai wajen 60, saboda ana yi musu aikin zuciya tun suna jarirai ana kuma kula da sauran cututtukansu. Alhamdu lillahi. Amma ma'anarsa ita ce da yawanmu za mu riga su tafiya. Ɗana ya shiga 40, gwiwoyina sun fara ƙi. Duk abin da ban bari ya koya ba ina raye ina kallonsa, zai koye shi rana tsaka cikin makoki a hannun wanda ba shi da haƙurina. Yaya Rabi, ki gaya wa mahaifiyarku wannan daga bakin 'yar uwarta tsohuwa. Gara ya ɓata hanya yau tana nan za ta neme shi.

Shi ya sa na fara janye hannuna. Maganinsa shi yake ɗauka daga akwati mai ranakun mako, ni dubawa kawai nake da daddare. Wankinsa shi yake yi, ba ya fita tas, na kau da kai.

Sadiya:
Hajiya, kau da kan shi ne abin da muke so. Yayata in na yi shara tana zuwa ta sake. Sai in ji kamar ban yi komai ba.

Baban Aisha:
Anti Maryam, na gwada abin da kika ce da takalma biyu, na sauya musu wuri, ɗaya take bi. Wannan na yarda. Amma kati da fita ita kaɗai, ban ga ranar ba, kuma ba na jin kowa a nan zai ce in sake ta a titi.

Anti Maryam:
Ba wanda zai ce haka. Akwai waɗanda har abada sai da mai rakiya, kuma wannan ba gazawa ba ce. Tambayar ga Aisha ita ce wa ke zaɓar inda za a je, da wanda zai raka ta, da lokacin da za a dawo. Mutum zai iya buƙatar taimako awa 24 kuma ya kasance shi ke jan ragamar ranarsa. Ka fara da mai rakiyar: hoton mutum biyu ko uku da ka amince da su, ta nuna.

Hajiya Binta:
Barista, tambaya. Ina so in rubuta takarda in bar wa 'yan uwansa, yadda za a kula da shi bayan raina. Ta isa, ko sai an kai kotu?

Barista Umar:
Ranki ya daɗe, abu biyu ne, kada a haɗa su. Abin da ya shafi dukiya da gado da wanda zai riƙe masa amana, wannan sai kin zauna da lauya a ƙasar da kike, don dokoki sun bambanta sosai, kuma ki nemi a rubuta cewa mai riƙon zai riƙa ba da lissafi ga wani mutum na biyu. Ɗaya takardar kuma ba ta buƙatar kotu: magungunansa da likitocinsa, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar masa, yadda yake nuna yana jin ciwo, abokansa, abubuwan da ya iya yi da kansa don kada wani ya zo ya karɓe masa su. Amma ku rubuta ta tare, da gajerun jimloli da hotuna yadda zai gane, ki tambaye shi wurin wa yake so ya zauna kafin ki tambayi 'yan uwan. Ya sa hannu ko ya dangwala, ya riƙe kwafi guda a wurinsa, ku riƙa sabunta ta duk shekara.